Suna Linzami: Tarihin Karkasa 'Yan Adam

Duk wanda ya leƙa dandalin muhawara na intanet a shekarun nan, musamman inda ake magana da Turanci, da wuya ya fita bai tarar ana ta da jijiyar wuya a kan abubuwa uku ba. Na farko shi ne sunayen da mutane ke kiran kansu da su game da zama namiji ko mace. Na biyu, launin fata da asali, da kalmar da ta dace a kira kowace al'umma da ita. Na uku kuwa, ko mutum na iya zama mai kirki ba tare da addini ba. Yawancin matasan da ke wannan ka-ce-na-ce suna tsammani su suka fara ta, alhali kuwa gardamar ta girmi kakanninsu. Ta taɓa sa an raba 'ya da iyayenta, an hana wakili kujerar da jama'a suka zaɓe shi a kanta, an kuma kashe mutane a bakin shinge saboda kalma guda da ke rubuce a katinsu.

A Hausa kalma ɗaya ce, wadda aka aro daga Larabci, ke ɗauke da biyu daga cikin batutuwan nan, watau jinsi. Ana cewa jinsin maza da jinsin mata, ana kuma cewa jinsin Larabawa ko jinsin baƙar fata. Tambayar da ke ƙarƙashinsu duka ita ce: wa ke da ikon raɗa wa mutum suna, shi kansa ne, ko malamai, ko hukuma? In kuma an raɗa, mene ne zai hana a wulaƙanta shi da sunan? Hausawa sun ce suna linzami ne. Tarihin da ke biye tarihi ne na hannuwan da suka riƙe linzamin nan.

Kafin Zuwan Masu Awon Ƙoƙon Kai

Tun kafin Turawa su ƙirƙiro ilmin rarraba jinsuna, akwai wani labari da ke yawo tsakanin wasu Yahudawa da Kirista da Musulmi, cewa wai baƙar fata gado ce daga la'anar da Annabi Nuhu ya yi wa ɗansa Hamu. Masu cinikin bayi sun ji daɗin labarin ƙwarai. Amma a cikin Attaura, inda aka ba da ƙissar, la'anar a kan Kan'ana ɗan Hamu ta faɗa, kuma ba a ambaci launi ba ko kaɗan. Ibn Haldun ya lura da haka a cikin Muƙaddimarsa ta shekarar 1377, ya ce zafin ƙasa ne ke sa fata ta yi duhu, ko da yake shi kansa bai kuɓuta daga maganganun raini game da mutanen kudu ba.

A shekarar 1615 mutanen Tuwat, a cikin hamadar Aljeriya ta yau, suka sami amsar tambayar da suka aika wa shaihin malamin Tambutu, Ahmad Baba, game da bayin da ake kawo musu daga ƙasashen baƙar fata. A cikin littafinsa Mi'irajus Su'ud, ya yi watsi da batun la'anar Hamu, ya ce launi ba dalilin bauta ba ne, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Wannan fatawa babbar garkuwa ce ga wanda ta rufe. To, amma Ahmad Baba bai soke bauta ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke iyakar daga launi ya mai da ita kan imani, wanda ya rage a bayan iyakar kuwa yana nan cikin haɗari.

Can a Amurka, a 1688, wasu mabiya ɗariƙar Kwaka a garin Germantown na Pennsylvania suka rubuta takardar ƙin bauta, hujjarsu kuwa ita ce umarnin addininsu na cewa mutum ya yi wa wani abin da yake so a yi masa. Mutanen da suke ƙorafi a kansu ma Kirista ne, masu karanta littafi ɗaya da su.

Malaman Turai Sun Raba Duniya Gida-gida

A 1684 wani likita Bafaranshe, François Bernier, wanda ya yi shekaru a Indiya, ya buga wata gajeriyar maƙala inda ya kawo shawarar a raba duniya bisa kamannin mazaunanta maimakon bisa ƙasashe. Wanda ya ba shawarar ƙarfi shi ne Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, masanin tsirrai da dabbobi. A littafinsa na 1735 ya sa ɗan Adam cikin jerin dabbobi, ya kasa shi huɗu: Bature fari, mutumin Amurka ja, mutumin Asiya mai duhu-duhu, da mutumin Afirka baƙi. A bugu na goma, na 1758, sai ya ƙara wa kowane kashi hali. Ya ce doka ke bi da Bature, al'ada ke bi da mutumin Amurka, ra'ayi ke bi da mutumin Asiya, son zuciya kuma ke bi da mutumin Afirka. Daga nan jerin launuka ya zama tsani, wani a sama wani a ƙasa.

Johann Blumenbach na jami'ar Göttingen a Jamus ya mai da kason biyar. Shi ne ya yaɗa kalmar "Caucasian" wadda har yanzu ake kiran farar fata da ita a Amurka, dalilinsa kuwa shi ne ƙoƙon kan wata mace 'yar Jojiya, a yankin duwatsun Kaukasus, wanda ya ga ya fi sauran da ya tara kyau. Blumenbach ya yi imani cewa 'yan Adam duka tushensu ɗaya ne, har yana tara littattafan da baƙar fata suka rubuta don ya nuna basirarsu. Duk da haka sunan da ya zaɓa ya fi ra'ayinsa tsawon rai.

Abin lura a nan shi ne zamanin da wannan aiki ya faru. Shi ne zamanin da malaman falsafa na Turai ke ƙoƙarin kafa kyakkyawan hali a kan hankali kawai. David Hume, wanda ya shahara da shakkar addini, ya rubuta a 1753 cewa yana zaton baƙar fata ba su kai farare basira ba tun daga halitta. Immanuel Kant, wanda a 1785 ya koyar cewa kowane mai hankali yana da daraja wadda ta hana a ɗauke shi kamar kayan aiki kurum, shi ne kuma ya rubuta maƙala a kan jinsunan mutane a 1775, ya kuma riƙa sa mutanen Afirka a ƙasan tsani cikin darussansa. Ga shi kuwa tun a 1734 Anton Wilhelm Amo, haifaffen yankin Axim a Gana ta yau, ya sami digirin dakta a jami'ar Wittenberg, ya kuma koyar da falsafa a Halle da Jena. Shaidar tana gabansu, ba su duba ba.

A ƙarni na 19 aka koma awo. Samuel Morton, likita a Filadelfiya, ya tara ƙoƙunan kai wajen dubu, yana cika su da ƙwayar iri ko harsashin dalma don ya auna girman ƙwaƙwalwa, ya buga sakamakonsa a 1839. Almajiransa suka ce jinsunan mutane ba daga uba ɗaya suka fito ba, kowane an halicce shi daban. Cikin waɗanda suka yi musu raddi har da wani limamin coci a Charleston, John Bachman, wanda ya tsaya a kan cewa duka 'ya'yan Adamu ne. Sai dai Bachman ɗin nan mai goyon bayan bauta ne. Darwin ya ƙarfafa batun tushe ɗaya a 1871, amma ɗan'uwansa Francis Galton ya ɗauki ilmin gado ya ƙirƙiro, a 1883, aƙidar "gyaran iri", wadda daga baya aka yi wa dubban mutane dandaƙa da sunanta. Daga Haiti kuma Anténor Firmin ya buga littafi a Paris a 1885 yana kare daidaiton jinsunan mutane da hujjojin kimiyya, aka yi kunnen uwar shegu da shi kusan ƙarni guda.

Sa'ad da Suna Ya Shiga Littafin Hukuma

Muddin suna yana cikin littafin malami, ana iya musunsa. In ya shiga littafin hukuma kuwa, sai ya zama ƙofar da ake buɗe wa mutum ko a rufe masa. Ƙidayar jama'a ta farko a Amurka, ta 1790, ta kasa mutane zuwa farare 'yantattu, da sauran 'yantattu, da bayi, domin tsarin mulkin ƙasar ya ce a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa. A 1850 aka ƙara gurbi don ruwa-biyu. A 1890 aka umarci malaman ƙidaya su bambanta mai rubu'in jinin baƙar fata da mai sumuninsa, da ido kawai. A 1930 aka share duk wannan, aka ce duk mai ɗigon jinin baƙar fata baƙi ne. Mutanen ba su sake ba, gurabun ne ke sauyawa gwargwadon bukatar masu mulki.

Homer Plessy, wanda aka kama a 1892 a New Orleans don ya zauna a taragon farare, kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na asalinsa ya fito daga Afirka. Shari'arsa ce ta ba Kotun Ƙoli damar halatta wariya a 1896. Kotun nan kuma ta nuna yadda ma'aunin ke lanƙwasa. A watan Nuwamba na 1922 ta hana Takao Ozawa, haifaffen Japan, zama ɗan ƙasa, ta ce "fari" na nufin "Caucasian" kamar yadda malamai suka tsara, shi kuwa ba ya ciki. Bayan wata uku sai ga Bhagat Singh Thind, Ba'indiye wanda ya yi wa Amurka aikin soja, wanda kuma tsarin malaman ya sa mutanensa cikin "Caucasian". Sai kotun ta ce a'a, abin da za a bi shi ne fahimtar mutumin kan titi. Alƙali ɗaya ne ya rubuta hukuncin biyu.

Dokokin Nuremberg na Jamus, na 1935, sun ce Yahudanci jini ne, amma da aka zo aiwatarwa ba a sami awon jini da zai nuna shi ba, sai aka koma duba addinin da kakannin mutum huɗu suka bi. A Afirka ta Kudu dokar rajistar jama'a ta 1950 ta sa kowa cikin gurbi, fari ko ruwa-biyu ko baƙi, daga baya aka ware Indiyawa. Gurbin nan shi ke faɗin unguwar da mutum zai zauna, da makarantar da zai shiga, da wadda zai aura. Inda aka yi shakka akan duba farce da hanci, har da gwajin nan da ya yi ƙaurin suna, na soka fensir cikin gashi a ga ko zai maƙale. Sandra Laing, wadda aka haifa a 1955, iyayenta duka farare ne a rajista, amma ta fito da fata mai duhu da gashi mai murɗe. A 1966 aka kore ta daga makarantar farare, aka mai da ita ruwa-biyu. Mahaifinta ya yi ta fafutuka har aka mai da ita fara. Da ta girma ta haihu da baƙin mutum, ita da kanta ta nemi a fitar da ita daga gurbin farare don kada doka ta raba ta da 'ya'yanta, a lokacin kuwa ta riga ta rabu da iyayenta. Ba a soke dokar ba sai a 1991. Babbar majami'ar Turawan ƙasar ta daɗe tana sa wa tsarin albarka, har ƙungiyar majami'un ɗariƙarta ta duniya ta yanke a 1982 cewa wariya ɓata ce, shugabannin addini irin su Desmond Tutu kuma suna kan gaba wajen yaƙarta.

A Ruwanda, 'yan mulkin mallaka na Beljiyam ne suka sa aka rubuta Hutu ko Tutsi ko Twa a katin shaida a farkon shekarun 1930. A 1994 katin nan ne masu kisa ke tambaya a shingayen hanya.

Hausawan da ke zaune a wasu ƙasashe su ma sun san nauyin sunan da wani ya laƙa. A Sudan an haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare cikin kalma ɗaya, Fallata, har da jikokin waɗanda suka isa bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu kuma sun sha wahalar samun takardar zama 'yan ƙasa. A Hijaz ana ce musu Takaruna. A Gana kuwa, dokar korar baƙi marasa takarda ta gwamnatin Busia, a ƙarshen 1969, ta kwashe mutane masu yawa daga zanguna, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya.

A Kan Me Daraja Ta Tsaya?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashe suka zauna rubuta Jawabin Haƙƙin Ɗan Adam, sai tsohuwar tambaya ta taso: in an ce mutane duka daidai suke, wa ya ce haka? Aflatun ya riga ya sa Sukurat ya yi irin tambayar a Girka: abu yana da kyau ne don an yi umarni da shi, ko kuwa an yi umarni da shi ne don yana da kyau? Malaman Musulunci sun yi ƙarnuka a kanta. Mu'utazilawa suka ce hankali na iya gane kyau da muni kafin zuwan wahayi, Ash'arawa suka ce shari'a ce ke tabbatar da su. A Turai Pierre Bayle ya ce, a 1682, al'ummar marasa addini na iya zama da gaskiya da amana. John Locke kuwa, a wasiƙarsa ta 1689 kan haƙuri da addinin juna, ya cire marasa imani daga cikin waɗanda za a yi haƙuri da su, domin a ganinsa rantsuwa ba ta kama su. Ra'ayin Locke ya daɗe a Ingila. Mutanen Northampton sun zaɓi Charles Bradlaugh, wanda ba ya bin addini, a 1880, amma bai zauna a kujerarsa cikin kwanciyar hankali ba sai a 1886, bayan an sake zaɓensa sau da dama, sa'an nan a 1888 aka yi dokar da ta yarda da alkawari a madadin rantsuwa.

A zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1948, wakilan Brazil suka nemi a rubuta cewa an halicci mutum cikin surar Allah. Wakilin Sin, Peng Chun Chang, ya roƙi kada a ɗora wa duniya duka bayanin al'umma ɗaya. Aka janye shawarar, aka kuma cire kalmar da ke jingina abin ga "ɗabi'a". Aka amince da jawabin ran 10 ga Disamba da ƙuri'a 48, ƙasashe takwas suka ƙaurace, cikinsu har da Saudiyya da Tarayyar Sobiyat da Afirka ta Kudu, inda jam'iyyar wariya ta hau mulki a shekarar nan. Jacques Maritain, malamin falsafa ɗan Katolika, ya ba da labarin cewa masu aƙidu dabam-dabam sun yarda da jerin haƙƙoƙin ne da sharaɗin kada a tambaye su dalili.

Saɓanin bai gushe ba. Binciken da cibiyar Pew ta yi a ƙasashe 34 a 2019 ya nuna kashi 96 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya a Indunusiya, da kashi 93 a Nijeriya, suna ganin sai da imani da Allah mutum ke zama mai kirki. A Amurka kashi 44 ne, a Suwidin kuwa kashi 9. Intanet ta tara waɗannan mutane duka a zaure ɗaya, kowa yana mamakin ɗan'uwansa.

Kimiyya dai ta janye hannunta daga tsanin Linnaeus. Hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa a 1950 tana ƙaryata fifikon wani jinsi. A 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin gado tsakanin mutane ana samunsa ne a cikin al'umma ɗaya, kuma binciken baya ya tabbatar cewa Afirka, wadda aka cusa cikin gurbi guda, ta fi kowace nahiya yawan wannan bambanci.

Masu Suna Sun Karɓi Linzami

Babban canjin ƙarni na 20 shi ne waɗanda ake raɗa wa suna suka fara raɗa wa kansu. W. E. B. Du Bois da abokansa sun yi ta rubuta wa jaridu har New York Times ta yarda, a 1930, ta riƙa rubuta "Negro" da babban baƙi. A 1966 Stokely Carmichael ya ɗaga kirarin ƙarfin baƙar fata a Mississippi, kalmar "Black", wadda a da zagi ce, ta zama abin alfahari. A ƙarshen 1988 Jesse Jackson ya yi kira a koma cewa "African American", don sunan ya nuna ƙasar asali maimakon launi. Steve Biko a Afirka ta Kudu ya faɗaɗa "baƙi" ya haɗa da Indiyawa da ruwa-biyu, duk wanda dokar wariya ta danne. Hukumomi suka bi a hankali. Daga 1960 aka fara barin Ba'amurke ya zaɓi gurbinsa da kansa, daga 2000 aka yarda ya zaɓi fiye da ɗaya. Takardar ƙidayar 2020 ta ba da misalin Nijeriya da Habasha da Somaliya a ƙarƙashin baƙi, ta sa Masar da Labanan a ƙarƙashin farare, sa'an nan a 2024 aka amince da sabon gurbi don mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Biritaniya ba ta fara wannan tambaya a ƙidayarta ba sai a 1991. Faransa kuwa ba ta ƙidaya 'yan ƙasarta ta launi, tana cewa jamhuriya ba ta san kowa ba sai ɗan ƙasa.

Namiji, Mace, da Gurbi na Uku

Wannan ƙa'ida ta cewa mutum shi zai faɗi sunansa ita ce ta tsallaka zuwa batun namiji da mace. Ba yau aka fara sanin cewa akan haifi wanda jikinsa bai fito sarai ba. Hausa na da kalmar mata-maza, malaman fiƙihu kuma sun tsara masa hukunci, har Muhtasar na Halilu ya rufe da mas'alar gadonsa, watau rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Sabon abu shi ne raba jiki da abin da mutum ke ji a ransa. John Money na jami'ar Johns Hopkins ya fara wannan rabo a 1955, yana ganin reno ne ya fi ƙarfi. Ya gwada ra'ayinsa a kan wani yaro ɗan Kanada, David Reimer, wanda aka rena a matsayin mace bayan haɗarin kaciya. Yaron ya ƙi sunan, ya koma namiji yana matashi, gaskiyar ta fito fili a 1997. Kowane ɓangare na muhawarar yau yana kafa hujja da labarinsa: wasu su ce jiki ne ya yi nasara, wasu su ce abin da mutum ya sani a ransa ba a tilasta shi.

Suwidin ta fara dokar canza jinsi a takarda a 1972, Biritaniya a 2004, Ajantina kuma a 2012 ta ce furucin mutum ya isa. Kotun Ƙolin Indiya ta amince da gurbi na uku a 2014, shekarar da Facebook ya ba masu hulɗa da shi zaɓi fiye da 50. Turanci ya shiga rikicin wakilin suna, wanda Yarbanci da Turkanci da Farisanci ba su san shi ba domin kalma ɗaya suke da ita ga shi da ita, alhali Hausa tana bambanta har kai da ke.

Masu goyon baya suna cewa mutum ya fi kowa sanin kansa, kuma takardar da ta saɓa wa kamanninsa tana jawo masa tozarci a wurin aiki da kan iyaka. Masu adawa iri biyu ne. Akwai mabiya addinai da ke cewa namiji da mace halitta ce wadda ba a zaɓa. Akwai kuma wasu masu fafutukar haƙƙin mata, da yawansu ba ruwansu da addini, waɗanda ke cewa saboda jiki aka zalunci mata, don haka a kurkuku da filin wasa da gidan fakewa jiki za a duba. A 2015 aka gano cewa Rachel Dolezal, shugabar reshen wata ƙungiyar baƙar fata a Spokane, iyayenta farare ne. Da wata malamar falsafa, Rebecca Tuvel, ta tambaya a 2017 me ya sa za a yarda da zaɓin jinsi a ƙi zaɓin launi, ɗaruruwan malamai suka sa hannu a janye maƙalarta, amma ba a janye ba. Daga baya hukumomi suka fara ja da baya. Kotun shari'a ta Pakistan ta soke sassan dokar ƙasar ta 2018 a 2023. A Janairun 2025 shugaban Amurka ya ba da umarni cewa gwamnatinsa jinsi biyu ta sani, a Afrilun shekarar kuma Kotun Ƙolin Biritaniya ta ce "mace" a dokar daidaito ta 2010 na nufin wadda aka haifa mace.

Wanda ya bi tarihin nan zai ga bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Mai cewa addini kaɗai ke tsare mutunci sai ya yi bayanin Bachman da majami'ar da ta sa wa wariya albarka. Mai cewa hankali ya isa sai ya yi bayanin Hume da Kant da Galton. Mai cewa a share gurabu duka sai ya faɗi yadda za a gane an hana wata al'umma aiki ko gida in ba a ƙidaya ta ba, domin da alƙaluman ƙidaya ake kai ƙarar nuna bambanci a Amurka da Biritaniya. Mai cewa a bar wa hukuma ta raɗa sai ya tuna da katin Ruwanda. Abin da ya fito fili shi ne wurin da ɓarna ta fi aukuwa, watau inda sunan da ke kan takarda shi kaɗai ke yanke wa mutum makaranta da aure da ƙasa da rai, ba tare da ƙofar ɗaukaka ƙara ba. Ɗan zango a Kumasi, da jikan mahajjaci a Wad Madani, da ɗalibin da ke cike takardar neman aiki a Manchester, duk suna tsaye gaban gurbin da wani ya zana kafin a haife su. Tambayar da ta kamace su, kamar yadda ta kamaci masu muhawarar intanet, ita ce me za a yi da amsar bayan an rubuta ta, kuma a hannun wa takardar za ta kwana.